Gaisuwar Magariba Tsakanin Matafiyi da Babur Ɗinsa

A wani masauki a Damagaram na gan shi, cikin hunturu, gab da magariba. Dattijo ne mai furfura jefi-jefi, ya shigo farfajiya a kan wani jibgegen babur, shi da babur ɗin duk sun yi buɗu-buɗu kamar an tono su daga rami. Wanda ya wuni a kan hanya haka, abin da zai fara tambaya buta ce da wurin miƙe baya. Shi kuwa sai ya kafe babur a kan ƙafarsa ta tsakiya har tayar baya ta bar ƙasa, ya tuɓe safar hannu, ya tsuguna.

Ya juya tayar a hankali, idonsa na kan sarƙa. Ya sa yatsa ya ɗaga ta, ya sake ta. Ya zaro wata 'yar sifana daga aljihu ya shiga bin wayoyin wili yana ƙwanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya, kowacce na amsawa da siririyar ƙara, har ya zo kan wata da ta amsa a dishe. Nan ya tsaya, ya ɗaure ta kwatan juyi kawai, ya sake bugawa, ya gyaɗa kai. Daga nan ya leƙa ƙarƙashin inji, ya shafo wani wuri, ya duba yatsansa, ya sunsuna.

Na kasa haƙuri na ce, "Alhaji, sannu da hanya. Ko mashin ɗin ya ba da matsala ne?"

Ya ce, "Ko kaɗan, Malam. Gaisawa muke yi. In ban tambaye shi yadda ya wuni ba, gobe shi zai gaya mini a inda babu kowa."

Babur ɗin Honda Africa Twin ne, samfurin XRV750 da aka ƙera tsakanin 1990 da 2003. Shi da danginsa ba baƙi ba ne a wannan yanki, don a nan aka yi musu suna. Gasar Paris-Dakar da aka fara a ƙarshen watan Disamba na 1978 ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere, kuma abin da aka koya a cikin wannan rairayi shi kamfanoni suka mayar da shi haja. BMW ya fito da R80 G/S a 1980, Yamaha ya raɗa wa nasa suna Ténéré a 1983, Honda kuwa babur ɗinsa NXR750 ya cinye gasar sau huɗu a jere, daga 1986 zuwa 1989, a tsakiyar wannan tashe ne Africa Twin na farko ya shigo kasuwa a 1988. Kamanninsu ɗaya: tayar gaba mai inci 21, dogayen shokazoba, ƙaton tanki. Sai dai ɗan gasar kamfani yana da kanikawa da ke jiransa a zango. Matafiyi kuwa shi ne direba, shi ne bakanike, shi ne yaron gareji.

Bayan isha muka zauna shan shayi, kusan rabin hirar a kan sarƙa ta ƙare. Mu da muka saba da Boxer da Jincheng, in muka ga sarƙa tana lilo sai mu ce a ɗaure ta tamau. A kan irin wannan babur, wannan ɗaurin shi ne ajalinsa. Tayar baya tana hawa da sauka fiye da santimita 20, kuma duk lokacin da ta faɗa rami shokazoba ya lotsa, tazarar da ke tsakanin faifan haƙoran gaba da na baya ƙaruwa take yi, sarƙa ta miƙe da kanta. Idan ba a bar mata sarari ba, wajen santimita 4 a tsakiyarta, wannan fizga ba ta da inda za ta sauka sai kan sandar da ta fito daga giya. Masu XRV750 sun san wannan ciwo: haƙoran sandar su cinye, gyaran kuma sai an farke inji gida biyu.

Alhaji ya ce akwai garin da ya tsaya salla, ya bar babur a gefen wata rumfar gyara. Kafin ya idar, wani yaro mai kirki ya ga sarƙa sako-sako ya ɗaure masa ita, kyauta, don girmama baƙo. "Na yi masa godiya, na sa masa albarka, na ba shi na goro. Ina shan kwana na tsaya na kwance abina." Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma na lura ko a cikin labarin bai aibanta yaron ba.

Ita kanta sarƙar ba irin ta keke ba ce. A kowace gaɓa akwai 'yan zobban roba da suka kulle giris a ciki tun daga masana'anta. Ka wanke ta da fetur, robar ta lalace, giris ya gudu, sarƙa ta mutu tana ƙyalli. Kananzir da tsohon buroshin goge baki sun wadatar. Mai kuwa da yamma ake sa shi, tana da ɗumi, ta gefen ciki, sannan a goge rarar da tsumma. A cikin rairayi ma gara ta zauna kusan a bushe, domin mai da yashi in suka haɗu sun zama dutsen wasa wuƙa. In kana son sanin ko ta tsufa, kama ta a bayan faifan baya ka jawo. In har ka hango rabin haƙori, kwananta ya ƙare. Kuma ba a canza ta ita kaɗai. Sabuwar sarƙa a kan tsofaffin haƙoran da suka lanƙwashe kamar ƙugiya, asarar kuɗi ce kawai.

Sai maganar ƙura. Hazon da ke rufe mu a hunturu, mai yawansa daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi iska ke kwaso shi, ga shi laushi kamar garin alkama. Injin wannan babur, mai cc 742, in yana gudu yana iya shaƙar iska fiye da lita 1,000 a minti guda, kuma abin da ya raba wannan gari da fistin matatar iska ce kaɗai. Ta takarda ba a wanke ta, kaɗe ta ake yi a hankali, in ta gaji a jefar. Ta soso ana wankewa, a shanya, a jiƙa da man da aka yi dominta, a matse ba tare da murɗawa ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda yake shafa giris a bakin matatar inda take zama, sannan ya zura farin ƙyalle ta ɓangaren da iska mai tsabta ke bi. In ƙyallen ya fito da ja, to akwai kafar da ƙura ke satar hanya. Ita ƙura ba ta kashe inji ranar da ta shiga. Sai bayan watanni ka ga yana shan baƙin mai, yana hayaƙi, da safe yana gardamar tashi, ka rasa wa za ka zarga.

Juyen baƙin mai kuwa kowa ya san shi, abin da ba kowa ya sani ba shi ne kulocin irin wannan babur a cikin baƙin mai yake wanka. Wasu mayukan mota an zuba musu sinadarin ƙara santsi, wanda ke sa kuloci ya riƙa zamewa. Shi ya sa Japanawa suka fito da ma'aunin JASO a 1998, mai babur ya nemi galan da aka rubuta MA ko MA2 a jikinsa. Fetur ɗin kwalba na bakin hanya kuma ba a guje masa a doguwar tafiya, sai dai a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin ya shiga tanki.

Da asuba na fito na tarar da shi da geji a hannu, domin iskar taya da sanyinta ake aunawa. Ta gaba ta sauka. Yaron masaukin ya ce bari ya kira mai faci, Alhaji ya ce, "Bari, ɗana, zo dai ka riƙe mini nan." Ya tura wani kututture ƙarƙashin inji, ya kwance wili, ya shimfiɗa tsumma ya kwantar da shi yadda faifan birki ba zai taɓa ƙasa ba. Ya zare ƙwayar bawul, ya taka gefen tayar da diddige har ta rabu da bakin wili. Ƙarafan ɓamɓare taya guda biyu gare shi, kowanne bai fi taki ɗaya ba, na ce a raina wannan aiki sai an yi gumi. Ashe dabarar ba a ƙarfi take ba. Tsakiyar wili akwai kwari, in ka danna ɓangare ɗaya na tayar da gwiwa ya faɗa cikin kwarin, ɗaya ɓangaren sai ya samu sarari ya haye baki cikin sauƙi, ɗan kaɗan-kaɗan. Duk wanda ka ga yana kokawa da taya yana nishi, ya manta da kwarin ne.

Ya zaro tiyub, amma bai yi hanzarin sa sabo ba. Sai da ya zura hannu cikin tayar yana shafawa a hankali, ido a rufe, har ya tsaya cak. Ya sa filaya ya zaro ƙayar aduwa, tsininta kawai ya leƙo ciki. Da ya bar ta, da sabon tiyub ɗin bai kai bakin gari ba. Ya ɗan hura wa sabon iska don kada ƙarfe ya cije shi, ya shafa ruwan sabulu a bakin taya, ya mayar. Notin da ke kan bawul kuwa bai ɗaure shi ya manne da wili ba. Ya ce in an rage iska don shiga rairayi, taya takan zame ta ja tiyub. In notin a sake yake, za ka ga bawul ya karkace ka gyara, in a ɗaure yake, sai dai ka ji ya tsinke. Tiyub ɗin gaba ma shi ya fi kamata mutum ya riƙe, domin in ta ɓaci yana iya zama a tayar baya ya kai ka gari.

Game da ƙare-ƙaren da ake yi wa babur, a nan ne nake ganin ake gane mai tafiya da mai son a gan shi. Akwai masu sayen fitilu shida, akwatunan alminiyam uku da salansa mai tada unguwa, alhali ba su taɓa kwance tayar baya da hannunsu ba. Abin da Alhaji ya ƙara, sai ka matso za ka gani. XRV750 an san shi da lalurori biyu: famfon fetur da ke mutuwa ba sallama, da na'urar daidaita cajin batir da ke ƙonewa. Ya canza famfon da na Facet, kamar yadda masu irin babur ɗin da dama ke yi, kuma ya san in ma wannan ya tsaya, zai iya haɗa tiyo kai tsaye fetur ya gangaro da kansa muddin tankin mai lita 23 bai yi ƙasa sosai ba. Ya sauya na'urar caji da ta zamani, ya liƙa wani ɗan agogo da ke nuna ƙarfin wuta: in yana wajen 14 lafiya, in ya haura 15 ko ya zube, a tsaya a duba. Sabon kebur ɗin kuloci yana ɗaure a jikin tsohon, ya riga ya bi hanyarsa, ranar da tsohon ya tsinke sai dai a maƙala kai biyu. Akwai farantin da ke kare cikin inji daga dutse, da makaran hannu don kada birki ko kuloci su karye in an faɗi. Kuɗi mai nauyi a wuri ɗaya ya kashe shi, wato shokazoban baya da aka sa wa sifirin daidai nauyinsa da na kayansa, yadda in ya hau zai lotsa kusan kashi ɗaya cikin uku, ya bar sauran don ramuka.

Nauyi shi ne abokin gaba. Babur ɗin ya haura kilo 200 tun ba a ɗora masa ko jaka ba. A 2004, lokacin da wasu matafiya, Ewan McGregor da Charley Boorman, suka taso daga Landan suka nufi New York ta gabas a kan BMW R1150GS, lodin da suka yi ya sa ƙarafan firam suka riƙa tsagewa. A Mongoliya aka yi wa babur ɗin mai ɗaukar musu hoto walda, wutar ta lalata na'urar birkinsa, dole aka saya masa wani ɗan ƙaramin babur ƙirar Rasha ya ci gaba da shi. Shi ya sa masu sani ke cire kan batir da na'urorin lantarki kafin mai walda ya kunna injinsa.

Kayan aikin Alhaji duka a cikin wani ƙyalle suke, in an naɗe bai fi damtse ba. Ya ce ko a gida da su yake aiki, ba ya taɓa babban akwati. Sifanar da ya shekara bai ɗauka ba ya fitar da ita, wadda ya nema ya rasa ya sa ta. Kowane noti mai muhimmanci ya ja masa layin farin fenti har zuwa jikin ƙarfen da yake kai, don hanyar burji mai gargada tana kwance noti kamar da hannu. In layin ya rabu biyu, ido zai gani tun kafin kunne ya ji.

Kafin ya tashi sai da ya zauna ya yi wa tsohon tiyub faci, ya kankare wurin, ya shafa gam, ya jira ya bushe kafin ya manna, ya naɗe shi ya cusa a jaka. Ya rubuta lambar kilomita a wata 'yar takarda da ke manne a tanki, ya sallami yaron, ya ce, "Malam, sai Allah ya sake haɗa mu." Ya bar injin ya ɗan yi ɗumi, sannan ya ɗauki hanyar Maraɗi. Na je inda babur ɗin ya kwana na duba ƙasa. Babu ko ɗigon mai, sai sawun taya da ƙayar aduwar nan.