Ganga Marar Baki: Nazari a Kan Kiɗan Muslimgauze

Gabatarwa

A tsakiyar shekarun 1970 wasu matasa a Ingila suka fara harhaɗa kiɗa da na'urorin lantarki maimakon kayan kiɗan da aka saba da su. Ƙungiyar Throbbing Gristle, wadda aka kafa a 1975, ta ɗauki ƙugin injuna da ƙarar ƙarfe ta mai da su kiɗa, har aka raɗa wa salon suna kiɗan masana'anta. Shi kuwa Brian Eno, a faifansa On Land na 1982, ya fito da wani amo mai tafiyar hawainiya, marar waƙa, wanda kan sa mai sauraro ya ji kamar dare ya riske shi a dokar daji. Daga baya wasu suka gauraya salon nan biyu da kiɗan gangunan Afirka da Asiya, irin wanda ake maimaitawa har ya ɗauke hankali, aka kira shi kiɗan ƙabilu. Wannan maƙala za ta duba aikin ɗaya daga cikinsu, watau Bryn Jones, wanda aka fi sani da Muslimgauze.

Makaɗin da Aikinsa

An haifi Jones a Mancesta a 1961, ya mutu a 1999. Mamayar da Isra'ila ta kai wa Labanan a 1982 ita ce ta karkatar da shi ga batun Falasɗinu, kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen ransa. Bai musulunta ba, bai kuma taɓa sa ƙafa a Gabas ta Tsakiya ba. Duk da haka fayafayansa, waɗanda sun kai gommai, cike suke da gangunan hannu da kayan tsirkiya da guntayen muryoyin mutanen wannan yanki.

Alal misali, a faifan Mullah Said na 1998, ganga kan kama zubi ɗaya ta yi ta nanata shi na tsawon mintoci. A ƙarƙashinta akwai wani gunji mai nauyi da ba ya yankewa. Jefi-jefi sai murya ta ɓullo, kafin a gane abin da take faɗa amsa-kuwwa ta haɗiye ta. A nan gwanintarsa take: yakan sa maimaici ya haifar da fargaba, irin ta mutumin da ke zaune a garin da aka yi wa ƙawanya, yana jiran abin da bai san lokacin zuwansa ba.

Inda Gizo Yake Saƙa

Sai dai akwai tambayar da manazarci ba zai kauce mata ba: a ina saƙon yake? Jones ba ya waƙa. Ra'ayinsa na siyasa yana cikin sunayen fayafayai da hotunan bangonsu, kamar Vote Hezbollah na 1993. In aka cire bangon, mai sauraro ba shi da wata hanyar sanin ko kiɗan kuka yake yi ko biki.

Kwatanci zai fito da wannan fili. Kalangu a hannun makaɗin Bahaushe magana yake yi. Yakan kira taken mutum, mai taken ya ji ya amsa. Haka nan a kiɗan bori, kowane iska da nasa taken a garaya ko goge, kuma mahalarta sun san wanda ake kira. Watau ma'anar tana cikin amon, domin makaɗi da jama'arsa harshe guda suke ji. Gangar Jones kuwa an raba ta da dandalinta da jama'arta, muryoyin da ya aro kuma sun koma ado kurum. Daɗin daɗawa, laƙabin nan na kiɗan ƙabilu yana cusa al'ummomi masu tarihi daban-daban cikin buhu guda, kamar ba su da suna.

Kammalawa

Ba za a ƙi yaba wa Jones ba ta fuskar ƙwarewa da naci, kuma tausayinsa ga Falasɗinawa ba abin shakka ba ne. Amma aikinsa ya nuna iyakar wannan salo baki ɗaya. Na'ura tana iya ɗauko amon ganga daga ko'ina a duniya, ba ta iya ɗauko abin da gangar ke faɗa wa masu ita. Mutanen da ya yi kiɗan dominsu ana jin sautinsu a fayafayansa, ba a jin maganarsu.