A bar wa a-kori-kura sunkuyonta

Duk mai bin titin Abuja zuwa Keffi, daga AYA ya gangaro Kugbo ya wuce gadar Karu, zai lura cewa tsayuwar motocin a-kori-kura ta fara sauyawa. A da, Hilux in ba kaya a bayanta, gabanta a ɗan sunkuye yake, bayan a ɗage. Yanzu da yawa sun miƙe sak, wasu ma hancinsu sama yake kallo. An kai su gareji an saka musu faifan ɗaga gaba, wani ƙarfe ko roba mai tauri da ake ɗorawa a kan shokazoba domin gaba ya kamo baya. Ni dai wannan yayi bai kwanta mini ba, kuma ina ganin yawancin masu yin sa a Karu ba su da buƙatarsa.

Sunkuyon nan da gangan kamfani ya yi shi. Toyota ta fara ƙera Hilux a 1968 a matsayin motar aiki, kuma har yau sifirin ɗin bayanta na falle-falle ne, an yi shi don ɗaukar kaya kimanin tan ɗaya. Shi ya sa aka bar bayan a sama, domin idan an loda ta ta zauna daidai. Buhun siminti ashirin tan ɗaya ke nan. Wanda ya daidaita motarsa tana wayam, ranar da ya ɗora mata wannan kaya bayan zai nutse, gaban ya tashi, tayoyin da ke juya mota su rage riƙon ƙasa. Kuma a wannan yanki a-kori-kura ba ta zama wayam. Bulo take kaiwa Kurudu da Orozo, tankin ruwa take ja a Jikwoyi, doya take ɗaukowa daga wajen Karshi, ma'aikata take kwasa zuwa wurin gini.

Daga Amurka yayin ya taso, inda mutum kan sayi ƙatuwar a-kori-kura don zuwa ofis, bayanta ya shekara bai ga kaya ba. A wurinsu daidaita gaba da baya na da ma'ana, tunda motar kullum a haka za ta yi tafiya. Duk da haka su ma da abin ya wuce gona da iri sun taka masa birki: a Disamba 2021 jihar North Carolina ta haramta hawa titi da motar da aka ɗaga gabanta ya ɗara baya da inci huɗu ko fiye, Virginia ta bi sahu a 2022. Dalilinsu shi ne direba ba ya ganin abin da ke gabansa sosai, fitilarsa kuma tana makantar da masu tahowa. Mu mun ga hoton a waya mun ɗauka, ba mu tambayi abin da motarsu ke yi da abin da tamu ke yi ba.

Maganar fitilar nan ita ta fi damuna, saboda wanda bai ji ba bai gani ba ne yake ɗaukar wahalarta. Tsakanin tayar gaba da ta baya a Hilux ɗin da aka fara fitarwa a 2015 akwai mita uku da 'yan kai. Idan aka ɗaga gaba da inci biyu, wato santimita biyar, hasken fitila yana tashi da kusan santimita tamanin a nisan mita hamsin. Ƙaramar fitila dama ɗan sunkuyo kaɗan aka ba ta don kada ta shiga idon mai tahowa, wannan ɗagawa kuwa ta cinye shi gaba ɗaya. To a ƙara mata kaya a baya, a kuma ƙara fararen ƙwayayen nan masu ƙarfi da ake sakawa yanzu. Mai keke Napep da ɗan acaɓa a hanyar Karu zuwa Jikwoyi bayan isha'i, inda titi ya matse kuma masu tafiya a ƙasa suka cika gefe, su ne hasken ke faɗa wa a ido. Saita fitila aikin minti kaɗan ne, da sukudireba da bango, amma sau nawa ka ji wanda ya ɗaga mota ya ce a duba masa ita?

Na san hujjar da ake kawowa, kuma ba ta banza ba ce. Titunan cikin unguwa da damina sai wanda ya gani, zaizayar ruwa ta kan mayar da su kwazazzabo, ga tudun rage gudu da mazauna layi kan gina yadda suka ga dama. Mutum yana so ƙirjin motarsa ya daina gogar ƙasa. Gaskiya ne faifan yana ɗaga ƙirjin. Sai dai tulun giyar baya, wanda ke tsakiyar gatarin tayoyin baya, yana nan inda yake, ba abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. Babbar taya kuma tana da nata lissafin: ta ƙara shan mai, ta rage wa birki kaifi, ta sa agogon gudu ya riƙa nuna ƙasa da abin da ake yi. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayu 2023 ba na jin akwai mai motar da zai ce shan mai ba ya gabansa.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba. Faifan ba ya ƙara wa shokazoba tsawon tafiya, tura komai ƙasa yake yi. Hannun sama da ke riƙe taya sai ya karkace fiye da yadda aka tsara, boljoyin ya riƙa aiki a bakin iyakarsa, idan taya ta faɗa rami hannun ya doki sifirin. A mota mai jan ƙafa huɗu, shaf ɗin gaba ma yana karkacewa, robarsa ta tsage, giris ya tsiyaye, ƙura ta shiga. Bayan 'yan watanni sai a fara jin ƙas-ƙas a kwana, a ce kayan yanzu ba su da ƙarko. Sannan duk motar da aka ɗaga nauyinta ya hau sama. A 2016 wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Teknikens Värld, ta gwada kauce wa abu ba zato da sabuwar Hilux wadda ba a taɓa ba, a gudun kilomita sittin, motar ta ɗaga tayoyi biyu sama. Mai gangarowa Kugbo da safe, inda tirela da ƙananan motoci ke cakuɗe, ya kamata ya san wannan labari kafin ya ƙara wa tasa tsawo.

Ban ce babu wanda ya cancanci ɗaga gaba ba. Wanda ya ɗaura ƙatuwar bambar ƙarfe da injin jan mota, nauyin ya danne gaban, yana da dalili. Amma maganinsa sifirin mai ƙarfi da shokazoba da ta dace da shi, irin waɗanda Old Man Emu ko Ironman ko Bilstein ke yi, domin faifai ba ya ƙara wa sifirin ƙarfi. Da yawa kuma daga cikin motocin da ake cewa gabansu ya yi ƙasa, sifirin ne kawai ya gaji, musamman tsofaffin motocin ma'aikatu da aka yi gwanjonsu. A auna daga tsakiyar taya zuwa leɓen fenda a duk kusurwa huɗu, a kan daɓe mai bai ɗaya, kafin a sayi komai. Sau tari sabon sifirin na asali ya wadatar.

In kuwa mutum ya ce sai ya saka, to kada ɗagawar ta wuce inci biyu, kuma ya bar wa bayan ɗan fifikonsa. A nan ake yawan yin kuskure wajen saye. Shokazoba ba a bakin taya take zaune ba, tana can tsakiyar hannun ƙasa, saboda haka faifai mai kaurin inci ɗaya kan ɗaga mota kusan inci biyu. Wanda ya je Apo ko Kugbo ya ce a ba shi faifai mai kaurin inci biyu, zai dawo da motar da ta tashi ninkin abin da ya nufa. Ya nemi na ƙarfe ko na alminiyam da aka yi wa samfurin motarsa takamaimai, da kusoshinsa. Wanda aka yanka daga tsohon ƙarfe aka huda da ido, ko aka yi masa walda a gefen titi, ba abin da za a ɗora rai a kai ba ne. Da yawa daga cikin tsofaffin Hilux masu jan ƙafa huɗu na kafin 2005 kuwa sandar murɗe ce a gabansu, ɗaga su ɗaure kusa ne kawai, kuma sauƙin nan ne ke sa a zarce har motar ta riƙa tsalle.

Bakanike na ƙwarai ana gane shi a wannan aiki. Zai kwance wayar birki da tiyon man birki daga maƙalinsu kafin ya saki hannun taya, don kada su ja su tsinke. Zai tallafe shaf kada ya zare. Ba zai ƙarasa ɗaure kusoshin da ke cikin bushin ba sai ya sauke motar ta tsaya da ƙafarta, in ba haka ba robar za ta murɗe ta mutu da wuri. Idan ya ce, "Alhaji, daga nan sai wurin alaimen, kada ka kai ta gida tukuna," to ka riƙe shi, domin ɗaga gaba yana karkatar da tayoyi, kuma sabuwar taya kan cinye gefe ɗaya cikin ɗan lokaci idan ba a saita ba. Bayan mako guda a koma a sake bin kusoshin da sifana.

Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna tsayawa a wannan titi kusan kullum suna duba takardu. Ina roƙonsu su ƙara da duba inda fitilar a-kori-kura ke haskawa, musamman wadda aka ɗaga kuma take ɗauke da kaya, su tura mai ita ya saita kafin dare.