An ɗaga mota ta kama rawa: me ya sa canza kuros ba ya magani?

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin fadamar Haɗeja a watan Agusta ko Satumba ya san dalilin da ya sa masu Hilux da Land Cruiser ke ɗaga motocinsu. Da zarar an bar kwalta an nufi ƙauyukan Auyo, Kiri Kasamma ko Guri, sai laka da kwazazzabai da ruwan da ya ɓalle daga kogi. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun sauya yadda ruwa ke zuwa, kachalla ta toshe hanyoyinsa da dama, ambaliyar 2022 kuwa har yanzu ba a manta da ita ba. Don haka babu wanda zai ga laifin direban da ya ce yana son motarsa ta ƙara tsayi.

Abin da nake suka a nan shi ne yadda ake ɗaga motar, da kuma maganin da ake yi mata bayan ta fara karkarwa. A ganina an tsallake mataki ɗaya mai sauƙi, wato awo, kuma wannan tsallaken yana cin kuɗin mutane, wani lokacin ma yana iya cin rai.

Kwanakin baya na raka wani direba da ke ɗaukar mu aikin bincike a fadama zuwa gareji. An ƙara wa motarsa tsayi kafin damina, tun daga nan idan ya hau kwalta ya taka totur sai kujera ta riƙa zuga kamar injin niƙa. An yi balansin taya, an yi alaimen, an canza kuros ɗin farfela har sau biyu. Na tambayi mai garejin ko an auna kusurwar farfelar. Ya yi murmushi ya ce, “Malam, ai kayan yanzu ne ba su da ƙwari. A sa wani kawai.” Mutumin gwani ne, da kunne yake gane boris ɗin da ya mutu. Amma a wannan karon kuros ɗin ba shi ne mai laifi ba, shi aka zalunta.

Abin da kuros ke yi

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke ɗauko juyi daga giyabos ta kai wa aksul na baya. Tun da aksul yana hawa yana sauka, dole a sa gaɓa mai lanƙwasa a kowane ƙarshen sandar. Ita ce kuros. Turawa suna danganta ta da Gerolamo Cardano na Italiya, amma Robert Hooke na Ingila ne a ƙarni na 17 ya nuna aibinta: idan gaɓar ta lanƙwasa, ɓangaren da ke karɓar juyi ba ya tafiya da gudu ɗaya. A kowane zagaye yana yin sauri sau biyu, yana yin jinkiri sau biyu, ko da injin na juyawa daidai.

Girman wannan tangarɗa ya dogara ne ga kusurwa. A digiri 3 bambancin bai wuce kashi 0.14 cikin ɗari ba. A digiri 10 ya kai kashi 1.5, a digiri 15 kusan kashi 3.5. Ka lura, ba a hankali yake ƙaruwa ba: idan kusurwa ta ninka biyu, tangarɗar ninkawa take kusan huɗu.

To ta yaya motar da ta fito daga kamfani ba ta rawa? Dabarar ita ce a sa kuros biyu su yi wa juna gyara. Na farko ya ɓata, na biyu ya mayar. Amma da sharaɗi biyu. Na ɗaya, kusurwar gaba da ta baya su zama daidai. Na biyu, kunnuwan ƙarfen da ke riƙe kuros a ƙarshen sandar biyu su kasance a layi ɗaya. Kamfanin Dana, mai ƙera kayan Spicer, yana ba da shawarar kada bambancin kusurwoyin biyu ya wuce digiri 1, kuma a bar kowace a ƙasa da digiri 3 idan ana son kuros ya daɗe. Ba a kuma son ta zama sifili, domin ƙananan allurorin da ke cikin kuros suna bukatar ɗan motsi kafin giris ya zaga su.

Inda ɗagawar ke ɓata lissafi

Hanyar da ta fi araha wajen ɗaga bayan mota mai sifirin faranti ita ce a tsawaita ƙarfen da ke rataye ƙarshen sifirin a jikin shasi, sau da yawa a wurin mai walda. Bari mu yi lissafi. A ce tsawon sifirin santimita 130 ne, aka ƙara wa maratayin santimita 10. Tun da aksul yana tsakiya, tsayin da aka samu kusan santimita 5 ne kacal. Amma sifirin ya karkata, ya juya aksul da shi, bakin aksul ya ɗaga sama da digiri 4 da ɗoriya. Ke nan bambancin da aka ce kada ya wuce 1 ya koma 4. Kuros na biyu ba zai iya goge ɓarnar na farko ba.

Ko da an ɗaga ba tare da aksul ya juya ba, gangaren farfelar ya ƙaru. Santimita 5 a kan sanda mai tsawon santimita 120 ƙarin digiri 2.4 ne, a kan gajera mai santimita 60 kuma kusan digiri 5. Shi ya sa gajerun motoci suka fi shan wahala. Motocin da farfelarsu gida biyu ce da boris a tsakiya, irin Hilux mai ƙofa huɗu, su kuma ƙarin lanƙwasar sai ya taru a gaɓar tsakiya da ta baya.

Sabon kuros zai ɗan rufe matsalar na ɗan lokaci saboda ba shi da sako-sako. Sai mai mota ya ce an dace. Bayan wasu watanni kusurwar ta cinye shi, a dawo a sake saye. Kamar mai ɗinke riga ne bai cire ƙusar da ke kujera ba.

Yadda za ka bambanta rawa da rawa

Kuskure na biyu shi ne ɗaukar kowace karkarwa a matsayin ta taya. Tayar Hilux mai lamba 265/65R17 kewayenta kusan mita 2.4 ne, don haka a gudun kilomita 80 tana zagaye kusan 9 a daƙiƙa. Farfela kuwa tana juyawa kusan ninki huɗu na taya, wato wajen 36 a daƙiƙa. Tangarɗar kusurwa tana bugawa sau biyu a kowane zagaye, ke nan sama da 70 a daƙiƙa. Jiki yana jin bambancin. Ta taya girgiza ce da kake iya ganin sitiyari ko kujera na yi. Ta farfela zuga ce da ke ratsa tafin ƙafa, har madubi ya dushe.

Gwajin da ba ya cin ko sisi: a kan hanya miƙaƙƙiya marar cunkoso, ka kai gudun da rawar ke fitowa sannan ka ɗaga ƙafa daga totur. Idan ta lafa, ta kuma dawo da ka taka, zargi ya fi komawa kan kusurwa ko kuros da ya saki. Idan tana nan daram, tana ƙaruwa da gudu kawai, to nauyi ne bai daidaita ba. A nan ƙasar tamu, kafin ka biya kuɗin balansin, ka fara leƙa cikin wili. Baƙar lakar fadama idan ta bushe a gefe ɗaya ta isa ta girgiza mota. Haka ma farfela: a duba ko ta lotsa, ko ƙaramin ƙarfen da kamfani ya manna mata don daidaita nauyi ya fita.

Sai awon kansa. Wayar da ke aljihunka tana auna karkata. Manhajar phyphox ta Jami’ar RWTH Aachen da ke Jamus kyauta ce, tana da ma’aunin karkata da na girgiza. A ajiye mota a wuri shimfiɗaɗɗe da irin kayan da ta saba ɗauka, a ja birkin hannu, a sa waigi a taya. A auna karkatar bakin giyabos, da ta jikin farfela, da ta bakin aksul, sannan a ɗebe wannan daga wancan. Minti goma ya isa. Don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kawai, balle a sa ta a giya tana sama.

Idan awo ya nuna bambanci, gyaran ba mai tsada ba ne. Ana sa siririn ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya tsakanin sifirin da aksul, ya mayar da bakin aksul inda ya dace. A farfela mai gida biyu ana sauke boris ɗin tsakiya kaɗan da ƙarfen cike. Idan an taɓa zare farfelar, a tabbatar an mayar da haƙoranta yadda kunnuwa za su yi layi, domin haƙori ɗaya da aka kauce ya isa. Idan tsayin ya yi yawa, akwai farfela mai kuros biyu a haɗe a gefen giyabos, ita kuma ƙa’idarta daban ce: bakin aksul zai kalli sandar kusan kai tsaye.

Shin ɗagawar ma ta biya bukata?

Wannan ce tambayar da ba a cika yi ba. Wuri mafi kusa da ƙasa a irin waɗannan motoci shi ne tulun aksul na baya, kuma yana zaune ne a kan taya, ba a kan sifirin ba. Ka ɗaga jikin mota yadda kake so, tulun yana nan inda yake. Babbar taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma da rabin abin da faɗinta ya ƙaru. Ɗagawa tana taimakon ciki da gindin mota wajen haye tudu, wannan gaskiya ne. Amma motar da ta kafe a sawun tarakta galibi tulun ne ya zauna. A cikin ruwa kuma abin da ke kashe inji shi ne inda yake shaƙar iska, abin da ke ɓata aksul kuma ruwan da ke shiga ta ƙaramar kafar numfashinsa. Ga shi an mayar da nauyi sama: motar da aka ɗaga, aka loda mata buhunan shinkafa da fasinja a kai, ta fi saurin kifewa a kwana ko a gefen gaɓa.

Kuros da ya gaji kuwa ba ya jiran a shirya. Idan na gaba ya tsinke ana cikin gudu, kan farfelar na iya faɗowa ya caki ƙasa, ya cilla bayan motar sama.

Ban ce a daina ɗaga mota ba, ban kuma raina makanikanmu ba, su ne ke riƙe da motocin da ke kai marasa lafiya asibiti idan ruwa ya yanke hanya. Roƙona shi ne a auna kusurwa kafin a ɗaga, a rubuta, a sake aunawa bayan an gama, a kuma ɗura giris a kuros duk lokacin da aka ratsa ruwa. Kai kuma mai mota, ranar da aka ce maka a sake canza kuros, ka tambaya cikin ladabi: “Oga, digiri nawa ne a gaba, nawa ne a baya?”