Wa Ya Rubuta Tarihin Sojan Bama?

Mutumin Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, na Zariya kuma ya san Chindit. Amma ba kowa ya san daga yaƙin ƙasar Bama (Burma) aka ɗauko sunayen nan ba, inda 'yan ƙasar nan suka gwabza da Japanawa a 1944 da 1945, akasarinsu cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Sunayen suna nan daram a ƙofar bariki. Mutanen da suka yi yaƙin kuwa, sai an sha tono kafin a same su a littafi.

Asalin matsalar, hafsoshin Turawa ne suka fara rubuta tarihin. Haywood da Clarke, kanar da birgediya, su suka fitar da tarihin rundunar Afirka ta Yamma a 1964. Ba na raina aikinsu. Ranar da aka tashi, da kogin da aka haye, da tudun da aka ƙwace, duk suna ciki. Sai dai Bature yakan fito da sunansa da muƙaminsa, kurtu kuwa galibi a lissafi yake fitowa: an kashe kaza, an raunata kaza. A kwarin Kaladan babu hanyar mota, jirgin sama ke jefo abinci, samari ne ke ɗaukar harsashi da kayan igwa a ka, suna hawan duwatsu cikin kurmi. Me suka riƙa faɗa wa juna in dare ya yi? Yaya suka yi da salla da azumi? Takardun ofis ba su damu da wannan ba.

Akwai kuma wani tarko da ɗalibai ke yawan faɗawa, wato kalmar "Hausa" kanta. Tun 1863 da wani Bature mai suna Glover ya tara dakarunsa a Ikko, cikinsu har da bayin da suka gudu, Turawa sukan kira duk sojan da ya zo daga Arewa da Hausa a bakinsa Bahaushe, ko Banufe ne, ko Babarbare, ko Bazabarme. A wancan zamani Hausa ce harshen bariki. Wanda ya ɗauki kalmar kai tsaye daga fayil, ba tare da bincike ba, ya haɗiye wasu ƙabilu bai sani ba.

Daga baya an gyara. Masana tarihi Sam Ukpabi da C. N. Ubah sun dubi sojan mulkin mallaka da idon ɗan gida. David Killingray, a littafinsa na 2010, ya yi amfani da wasiƙun da tsofaffin sojoji suka aika wa BBC, ci gaba ne babba. To, amma wa ke iya rubuta wa BBC wasiƙa? Akawu ne da mai ilimin boko. Manomin da dagaci ya miƙa don cika adadi, ya dawo ya koma gonarsa, shi da magajiyar bariki da matan da aka bari a gida, har yanzu muryarsu ba ta fito sosai ba.

Kusan duk 'yan Bama sun riga mu gidan gaskiya. Abin da ya rage yana cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gado: littafin sallama da ya yi ja don tsufa, lambar yabo a naɗe cikin tsumma, da labarin da kaka take bayarwa. Ɗalibanmu na tarihi a Zariya da Kano da Sakkwato, bayan kun gama da Gidan Adana Takardu na Kaduna, don Allah ku shiga ƙauye ku nemi waɗannan akwatuna tun gara ba ta cinye abin da ke cikinsu ba.