Ku Daina Yanke wa Zoids Hukunci a Minti Biyar

Wallahi wannan yayin ya ishe ni. Mutum zai ɗauko tsohon gem na shekarun 1980, ya kunna a manhajar da ke kwaikwayon tsofaffin kwamfutoci, ya danna nan ya danna can, a kashe shi sau biyu, sai ya kalli kyamara ya ce shirme ne. In kuwa daga kayan wasan yara aka samo gem ɗin, to ko minti biyar ɗin ba ya samu. Tun kafin a kunna an gama shari'a: wai talla ce, an yi ta don a yashe aljihun iyaye. Haka na ga an yi wa Zoids a YouTube, kuma raina ya ɓaci.

Kun dai san Zoids, butum-butumin nan na kamfanin Tomy na Japan masu siffar dabbobi da ƙwari, waɗanda yaro ke harhaɗawa da hannunsa, ya murɗa musu wani ko ya sa batir su kama tafiya. A 1986 kamfanin Martech na Ingila ya fitar da gem ɗinsu, Zoids: The Battle Begins, a kan kwamfutocin ZX Spectrum da Commodore 64 da Amstrad CPC. Da talla suka so yi, ai hanya a buɗe take: a zana ƙaton cikinsu, Zoidzilla, a tsakiyar allo yana ta ɓarin wuta, yaro ya gani ya tasa uwarsa gaba sai kanti. Amma tun a farkon labarin aka tarwatsa Zoidzilla, sassansa suka watsu a biranen abokan gaba, aka bar ka da ɗan Spiderzoid, mafi rauni a cikinsu. Wane mai talla ne zai ɓoye hajarsa mafi tsada, ya ce sai ka sha wuya kafin ka gan ta?

Kuma ba daga waje kake kallon naka butum-butumin ba, cikin kansa kake. Allon cike yake da ƙananan alamomi da taswira, tagogi na buɗewa wata kan wata, ga layin da ke nuna halin da yake ciki yana hawa yana sauka kamar bugun zuciya. Abin da ya fi burge ni, butum-butumin yana da nasa ra'ayin. In ya ga za ka kai shi ga halaka yana iya turjewa, kamar dokin da ya hango rami mahayinsa bai gani ba. Duk wannan a cikin ƙwaƙwalwar Spectrum mai 48K, wadda hoto ɗaya na wayarka ya ninka ta sau da yawa.

Harbi akwai shi, har da makami mai linzami da kai za ka tuƙa shi da hannunka ya ratsa tsakanin duwatsu. Sai dai harbin ba na ido rufe ba ne. Biranen suna da garkuwa, garkuwar kuma daga tashar wuta take samun ƙarfi. Akwai ma'adinai, akwai hasumiyar rediyo, akwai masu kai rahoto. Ka taɓa wuri ba shiri, labari ya kai ga Redhorn da Mammoth, manyan Zoids na abokan gaba, su nufo ka. Dole ka zauna ka lissafa inda za ka fara bugu da ta inda za ka tsere. Duk sashen Zoidzilla da ka ƙwato, sai ka koma butum-butumi mafi ƙarfi. Mutanen Electronic Pencil Company ne suka tsara shi, su ne suka yi gem ɗin The Fourth Protocol a 1985 da irin wannan salon alamomi, lokacin da yawancin yaran Birtaniya ba su taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba.

To malam mai bidiyo, ka karanta littafin bayanin da ke cikin kwalin? Ba ka karanta ba. Yaron 1986 kaset yake sakawa, ya zauna mintuna yana jin ƙarar nan mai tsaga kunne kafin gem ya hau, kuma a wannan zaman yake karanta littafin. Da littafin nan masu gem ɗin suka yi lissafi. Kai ka tsallake kaset, ka tsallake littafi, ka tsallake haƙuri, sannan ka ce ba a gane komai.

Na yarda, da yawa daga gem ɗin kayan wasa ba su da kai, Transformers na kamfanin Ocean ma da ya fito a wannan zamanin bai kama ƙafar Zoids ba. Na kuma yarda Zoids yana da wuya har ta yi yawa, yana kashe sabon shiga ba tausayi. Amma wuya daban, shirme daban, kuma mujallar Crash ta yaba masa matuƙa tun a lokacin.

Wani abin takaicin, an dawo da tsofaffin na'urorin nan kasuwa, C64 Mini a 2018 da gem 64, The Spectrum a 2024 da gem 48, babu Zoids a ko ɗaya. Saboda haka mai sha'awa sai ya nema da kansa. In za ku nema, ku fara da na Spectrum don tsarin wasan, sannan ku kunna na Commodore 64 ku ji kiɗan da Rob Hubbard ya sa masa. Ku ware masa yamma guda, littafin yana gefenku a buɗe.