Sharhin Fim: 'Only the Brave', Wuta Ce Jaruma Ko Masu Kashe Ta?

Duk mai riƙe kyamara ya san wuta mayaudariya ce. Ko ba ka iya ɗauka ba, in ka saita ta a kan gobara cikin dare, hoton sai ya yi kyau. Shi ya sa galibin hotunan gobarar daji harshen wuta suke nuna mana, a mance da masu fama da ita. Wannan tarkon ne darakta Joseph Kosinski da mai ɗaukar hoto Claudio Miranda suka yi ƙoƙarin tsallakewa a fim ɗin 'Only the Brave' na 2017.

Labarin da gaske ya faru. Ranar 30 ga Yuni, 2013, gobarar dajin Yarnell a jihar Arizona ta Amurka ta ci mutum 19 cikin 20 na ƙungiyar 'yan kwana-kwana mai suna Granite Mountain Hotshots. Brendan McDonough kaɗai ya tsira, don an ware shi yana lura da motsin wutar. Miles Teller ne ya fito a matsayinsa, Josh Brolin kuma a matsayin shugabansu, Eric Marsh.

Inda fim ɗin ya burge ni shi ne yadda kyamara ta tsaya kan aikin kansa. Ba da ruwa suke yaƙar wutar ba. Sara suke da gatari da zarton inji, su kankare ƙasa, sannan su cinna tasu wutar ta cinye ciyawa kafin babbar ta iso. Manomin da ya taɓa share gefen gonarsa saboda wutar mafarauta zai gane dabarar nan take. Kuma wallahi fitowar da ta fi taɓa zuciya babu ko tartsatsi a cikinta: iyalai sun taru a zauren wasannin wata makaranta, kowa na fatan nasa ne ya rayu, sai ga McDonough ya shigo shi kaɗai.

To amma akwai gyara. Dabbar dajin nan da aka haɗa da kwamfuta tana gudu tana ci da wuta, kwalliya ce kawai, faɗawa ce cikin tarkon da aka guje wa. Babban laifin kuwa, fim ɗin ya yi wa batun sakaci rufa-rufa. A Disamba 2013 hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Arizona ta ci sashen gandun dajin jihar tarar dala 559,000 kan yadda aka tafiyar da aikin. Ɗan kallo zai tashi da hawaye, amma ba zai ji wannan ba. Yabon mamaci ai ba ya hana a tambayi wanda ya tura shi.

Duk da haka ina ba daraktocinmu shawara su neme shi. Su lura da inda aka juya wa wuta baya aka fuskanci mutum.