Tauraron ɗan'adam yana ganin kore, ƙudan zuma kuma fure yake nema

In kana bibiyar binciken kiwon zuma, wataƙila ka taɓa cin karo da irin taswirar nan mai launi uku ko huɗu: kore a inda "ya dace sosai" a rataya amya, rawaya a inda "ya dace kaɗan", ja a inda "bai dace ba". An yi irinta a Filifin, an yi a Saudiyya da Turkiyya da Italiya. Ganinta yana sa mutum ya ji kamar an gama magana. Ni dai ina ganin ana ba wa taswirorin nan girman da ya fi ƙarfinsu, musamman a dajinmu na savana inda ake rataya amya a kan bishiya a bar ƙudan ya zo da kansa.

Ga yadda ake haɗa su. Ana ɗauko hotunan Sentinel-2 na Turai, wanda kowane ɗigo a hotonsa murabba'i ne mai mita 10 a kowane gefe, ko na Landsat na Amurka mai mita 30. Daga nan a lissafa NDVI, wato ma'aunin koren tsiro, wanda ke kwatanta jan haske da hasken da idonmu ba ya gani da ganye ke mayarwa. Sai a ɗora nisan ruwa, nisan hanya, gangaren ƙasa da ruwan sama, a ba kowanne nauyinsa, galibi ta hanyar AHP da Thomas Saaty ya ƙirƙiro a shekarun 1970.

To, matsalar farko tana cikin NDVI ɗin kansa. Yana auna ganye ne, alhali ruwan fure da garin fure ƙudan zuma ke bi. Duba kaɗanya: da rani take fure, a lokacin da ta zubar da yawancin ganyenta, ga ciyawa ta bushe a ƙarƙashinta. Daga sama wurin kamar fako yake, amma je ka tsaya a gindinta da safe ka ji kugin ƙuda. Ɗorawa ma da rani take fure. Shi kuwa gawo halinsa daban ne gaba ɗaya, da damina yake kaɗe ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi kore ya yi fure. Duk wanda ya gina taswirarsa da hoton watan Agusta, gawo zai fito masa kamar mataccen ice.

Juya abin kuma. Gonar shinkafa ko masara a wurin noman rani irin na Kadawa kore take shar, ma'auninta zai hau sama. Amma iska ce ke musu barbara, ba su da ruwan fure. Abin da ƙuda zai samu a masara gari ne kawai. Uwa uba ga feshin maganin ƙwari a gonakin tumatir da ke gefe, wanda babu kyamarar da ke sararin samaniya da za ta nuna maka.

Sai batun nauyi. Idan an ce tsirrai sun ɗauki kaso mafi tsoka, hanya ta ɗauki kaɗan, wa ya yanke? Wasu ƙwararru ne aka tambaya suka faɗi ra'ayinsu, aka mayar da shi lamba. Ba laifi ba ne, amma ra'ayi ne fa. Kusancin hanya alheri ne ga mai kwalin zamani da zai ɗauka a mota. Ga mai amya kuwa ƙofar ɓarawo ce.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake gwada ingancin taswirar. Sau da yawa sai a duba inda masu kiwo suka riga suka ajiye amyarsu, in yawanci ya faɗa cikin kore a ce an dace. Ai mutum yana rataya amya ne a bishiyar da yake da iko da ita, inda zai iya sa ido, inda ya fi ƙarfin dage da gobarar daji. Wannan bai nuna can ne zuma ya fi yawa ba. Gwajin gaskiya shi ne a auna kilo nawa aka tatsa a kore, nawa a ja, a yi hakan shekaru a jere.

Ba wai na ce a jefar da hotunan ba ne. Sentinel-2 yana dawowa kan wuri ɗaya duk bayan kwana 5, kuma kyauta ne. Ba shi da na biyu wajen nuna tafkin da ke riƙe ruwa har watan Afrilu, da inda ake sare daji don gawayi, da inda wuta ke ci kowace shekara. Tunda ƙuda yakan yi kiwo cikin kilomita 2 zuwa 3 daga gidansa, wannan da'irar za ka iya leƙa ta daga kwamfuta ka rage yawo. Amma wace bishiya ce a ciki, kuma wane wata take fure, wannan sai ka zauna da masu amya na ƙauyen su lissafa maka, ko ka ɗauki zumarsu zuwa ɗakin gwaji a duba garin furen da ke cikinta da madubin ƙara girma.